Hoton Yekini a akwatin Baba: a sayar ko a riƙe?

Abban Sadiq, Kakuri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema dan Allah, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Watan jiya muka buɗe akwatin ƙarfen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tun da ya rasu bara ba wanda ya iya taɓa shi sai yanzu da maganar rabon gado ta taso. A ƙarƙashin takardun fili da katin aikinsa na masaƙa sai ga wata ambulan ruwan ƙasa, a ciki akwai hoto baƙi da fari na 'yan ƙwallon UNTL, ƙungiyar masaƙar da Baba ya yi wa aiki a nan Kaduna, wasu a tsugune wasu a tsaye, Rashidi Yekini na cikin na tsaye, saurayi dogo siriri, sai ka ƙura ido sosai za ka gane shi. A bayan hoton akwai sa hannunsa da shuɗin biro, an rubuta 1994, ke nan daga baya Baba ya kai masa ya sa hannu bayan sunansa ya zagaye duniya. Akwai kuma kaset 17, yawanci Shata da Ɗanƙwairo, da tikiti biyu na gasar kofin duniya ta matasa, Najeriya 99. Ƙanina ya ɗauki hoton a waya ya sa a Facebook, kwana biyu sai ga wani daga Legas ya biyo shi ta inbos wai shi irin kayan nan yake tarawa, ya taya dubu 350. Yayanmu ya ce a sallama tun bai canza ra'ayi ba, ga kuɗin makarantar autarmu ana bi. Ni kuma wlh zuciyata ta ƙi, duk sanda na juya hoton nan sai in ga kamar hannun Baba ne a kai. Me kuka gani?

Abu Rigasa:
Allah ya jiƙan Baba. Amma gaskiya ɗan uwa dubu 350 a kan takarda ɗaya a wannan marrar? Ka sallama kawai. Tara sa hannun 'yan wasa al'adar Turawa ce, su da suka ƙoshi. Ka sa a ɗauka maka shi da kyau a waya ka ajiye, hoto ai hoto ne, yarinya ta koma makaranta.

Ɗan Ranchers tun 80:
Kai Abu, tsaya tukuna. Ɗana Abban Sadiq, Allah ya gafarta wa mahaifinka, in ma'aikacin masaƙa ne a shekarun nan to da wuya ba mu taɓa zama benci ɗaya da shi a filin Ahmadu Bello ba. Yaran yanzu ba su san me ke cikin hoton nan ba. A nan Kaduna aka haifi Yekini a 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar nan ya fara kafin Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi, daga can Abiola Babes, sai Abijan, sai Fotugal. Hotonsa yana riƙe da raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a 1994 kowa na da shi, yana ko'ina a intanet. Amma hotonsa da rigar UNTL? Ni shekarata sittin da ɗoriya a garin nan sau ɗaya na taɓa gani a gidan wani abokina a Makera, shi ma gara ta cinye shi. Kuma ku tuna a wasan nan na Bulgeriya da aka tashi 3 da nema, ta farko Yekini, ta biyu Amokachi, duk 'ya'yan Kaduna. Ƙwallaye biyu na farko da Najeriya ta taɓa ci a kofin duniya daga unguwannin nan namu suka fito. Mutumin Legas ɗin nan ya san abin da ya gani shi ya sa ya yi saurin tayi. Ka ce masa albarka.

Abu Rigasa:
Baba na ji, kuma ban raina tarihi ba. Amma tarihin zai biya rajista?

Maman Ilham:
Abu kar ka ce haka, ai bai ce ba za a biya wa yarinya makaranta ba, hanya yake nema. Abban Sadiq Allah ya jiƙan Baba da rahama. Ni tambayata ɗaya, kun nuna wa Hajiya? Dan na lura a bayaninka daga kai sai yayanka sai ƙaninka, ba ka ambaci mai ɗakin ba, alhali ita ta zauna da akwatin nan shekara da shekaru.

Abban Sadiq, Kakuri:
Anti gaskiya ba mu nuna mata ba, muna gudun kar mu tayar mata da hankali, har yanzu ko rediyonsa ta gani sai ta yi hawaye.

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Kafin a kai ga sayarwa ko riƙewa akwai abin da ya riga su. Duk abin da mamaci ya bari, daga gida har allura, na magada ne gaba ɗaya bayan an biya bashi an fitar da wasiyya in akwai. Ba kai kaɗai ke da hoton nan ba, ba kuma yayanka kaɗai ba, 'yan uwanku mata da mahaifiyarku duk suna da haƙƙi a ciki. Da ba a taya shi ba da sai a ce takarda ce a bar wa mai so, amma tunda har an sa masa kuɗi ya zama dukiya. Hanya mai sauƙi ita ce a yi masa ƙima a gaban kowa, wanda yake son ya riƙe sai a lissafa a cikin kasonsa. In kuma akwai ƙaramin yaro a cikin magada to ba mai ikon yafe masa nasa.

Abban Sadiq, Kakuri:
Allah gafarta Malam na gode, wlh wannan bai zo min a rai ba, ni ina ta kallon abin a matsayin tsaraba ce ta Baba kawai.

Sabon Jini Barnawa:
Malam dan Allah in tambaya, shi kansa tara irin kayan nan ba matsala? Dan ni ina da riguna huɗu da aka sa min hannu, wani abokina kullum sai ya ce min wai bautar mutum nake yi.

Malam na Tudun Wada:
Ya danganta da abin da ke zuciyarka. In kana ganin rigar za ta kawo maka albarka ko sa'a, wannan ka bari. In kuwa ajiya ce ta tunawa, ai ga Arewa House nan a gidan Sardauna an adana kayansa da takardunsa mutane na zuwa gani, ba wanda ya ce bauta ake yi. Maganar rataye hoto a bango malamai sun yi saɓani, wanda ke cikin ambulan a akwati kuma lamarinsa ya fi sauƙi. Abin da zan ja maka kunne shi ne kuɗi, kar ka hana kanka ko iyayenka abin buƙata saboda riga.

Injiniya U/Rimi:
Bari in shigo ta ɓangaren ciniki dan na ɗan bibiyi harkar. A waje abin ya zama babbar kasuwa. Rigar da Maradona ya sa a wasansu da Ingila a 1986, wadda ya ci da hannu, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya yi musanye da shi bayan an tashi, ya riƙe ta shekara 36, a 2022 kamfanin Sotheby's suka yi gwanjonta fam miliyan 7 da ɗoriya. Tishun da aka rubuta alƙawarin ɗaukar Messi a Barcelona a Disambar 2000 shi ma an sayar a 2024 sama da fam dubu 760, tishu fa na goge baki. Amma abin da nake so ku lura, ko a rigar Maradona sai da 'yarsa ta fito ta ce ba ita ce ta zagaye na biyu da ya ci ƙwallon da ita ba, sai da aka kawo masu gwada riga da hotunan wasan zare da zare kafin masu kuɗi su yarda. Wato ba tawadar ake saye ba, shaidar ake saye. Waye ya karɓa, a ina, yaushe, a hannun wa ta zauna. Naka Abban Sadiq ƙarfinsa shi ne yana tare da katin aikin Baba na masaƙa ɗaya da ƙungiyar, a akwati ɗaya. Ranar da ka raba hoton da wannan labarin ya zama hoto kawai mai rubutu a baya. Kuma Yekini ya rasu tun Mayun 2012, ba za a ƙara samun sabon sa hannunsa ba har abada, abin da ke ƙasa shi ke nan. Ban ce zai yi miliyoyi ba, kar a ji ni ba daidai ba, kasuwar nan ba ta kafu a wajenmu ba. Amma wanda ya fara tayi da 350 ba tare da ya riƙe abu a hannu ba, yana da inda zai kai.

Sabon Jini Barnawa:
Yaya Injiniya maganar shaida ta taɓa ni. Cikin riguna huɗun nan nawa ɗaya a Instagram na saya, wai Ahmed Musa ya sa hannu, har da satifiket mai tambarin zinare, dubu 45 na tura. Da ta iso na yi ta murna, sai wata rana na ga wani yaro a gidan kallo a Narayi da irinta, muka jera su, wlh sa hannun iri ɗaya sak har inda biron ya ɗan karkace, ko ɗigo bai bambanta ba. Ashe bugawa aka yi da inji. Na koma shafin an toshe ni.

Injiniya U/Rimi:
Ayya ƙanina. Ba mutumin da ke sa hannu sau biyu iri ɗaya sak, ko kai gwada a takarda ka gani. Na gaske za ka ga inda tawada ta yi kauri da inda ta yi siriri, a kan yadi kuma tana ɗan nasowa ta baya. Satifiket kuwa kowane shagon kwamfuta zai buga maka. In ba a gabanka aka sa ba, ko ba hoton lokacin da ake sawa, ka riƙe kuɗinka.

Mai Gwanjo, Kasuwar Barci:
Ni da nake buɗe dila kullum bari in faɗa muku, rigunan ƙwallo masu rubutu a jiki suna fitowa a gwanjo jefi jefi, wani lokaci rigar yara ce ta wata makaranta a Turai duk 'yan aji sun sa hannu. Akwai yaran da ke zuwa su tsince su a dubu biyu su je su ce ta wane ce. Ni dai ina gaya wa mai saye gaskiya, riga na sayar maka ban sayar maka da labari ba.

Kawu Mai Kaset:
Ina ta karatu ina jira a zo kan kaset 17 ɗin nan, kowa ya bi hoto ya bar su. Abu ya ce tara kayan shahararru al'adar Turawa ce, to akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Mu a wajenmu abin juye yake. Bature na bin mawaƙi ya karɓi wani abu daga hannunsa, mu kuwa mu ke tuɓe riga mu ba mawaƙi, a ba shi doki, a ba shi mota, a yi masa liƙi har kuɗi su rufe kalangu. Abin da kake samu a madadin haka shi ne ya ambaci sunanka da na ubanka a waƙa, 'yan amshi su karɓa. Wannan shi ne sa hannun Shata. Akwai gidaje a ƙasar Hausa da yau ba abin da ya rage na arzikin kakansu sai sunansa a bakin Shata ko Ɗanƙwairo, jikoki na kunnawa suna cewa ga namu nan. To ina wannan ajiyar take zaune? A kaset. Kuma ba duka aka buga a kamfani ba, da yawa a wajen biki ko wasa wani ya ajiye rikoda ya ɗauka, kwafi ɗaya tak a duniya. Ɗanƙwairo ya rasu 1991, Shata 1999 aka kai shi Daura, Ɗan Maraya Jos 2015. Shi Ɗan Maraya kuntiginsa ɗan gwangwani ne aka rufe da fata da tsirkiya ɗaya, abin da yaro zai wurgar a bola, amma da shi ya zagaya ƙasashen duniya. Ni da za a ce in zaɓa tsakanin rigar Maradona da kuntigin nan wlh ba zan yi dogon tunani ba. Abban Sadiq ka duba min, kaset ɗin masu bugaggen hoto ne a jiki ko waɗanda aka rubuta da hannu?

Abban Sadiq, Kakuri:
Kawu yanzu na duba. 12 na kamfani ne. Biyar kuma farare ne, rubutun Baba ne a jiki, ɗaya an rubuta Shata, Zariya, ba shekara. Wani zaren ya ɗan yi fari fari kamar gari.

Kawu Mai Kaset:
Kar ka saka su a rediyo! Dan Allah kar ka gwada. Farin nan fumfuna ce ta danshin damina, in ka kunna haka zaren zai manne ya tsinke ko rediyon ya tauna shi. A buɗe a bar su su sha iska a inuwa, ba rana ba, sannan a juya zaren a hankali da biro daga farko har ƙarshe kafin a sa a inji mai kyau a tura cikin kwamfuta sau ɗaya. Ina da dek ɗin da nake wannan aikin da shi, ba na karɓar ko sisi a kan irin waɗannan, kwafi kawai nake roƙo in masu abu sun yarda.

Maman Ilham:
Kawu ka tuna min da abin da har yau yake ci min rai. Mahaifiyarmu na da hoto da Barmani Choge a wani biki a Funtuwa, tana zaune kusa da masu kiɗan ƙwarya, da kaset ɗin bikin inda aka ambaci sunan kakarmu. Da muka tashi daga Unguwar Sanusi aka zuba kaset ɗin cikin tarkace aka ba masu jari bola, aka karɓi robar wanki biyu. Ni da hannuna na miƙa buhun, ban san yana ciki ba. Da Barmani ta rasu a 2013 Mama ta ce a ɗauko mata ta ji, ranar na ga abin da na yi. Hoton ma ƙanwata ta kai aka yi masa laminatin dan kar ya lalace, zafin injin ya sa fuskokin suka yi jirwaye. Mu mata mun iya ajiyar kwalla da tasa da zannuwan gado, amma takarda da kaset sai mu ga kamar shara ne.

Injiniya U/Rimi:
Yawwa Anti kin taɓo wajen. Abban Sadiq kar a kuskura a yi wa hoton nan laminatin, ba ya ɓaruwa kuma yana kashe darajarsa. Kar a manna salatif, kar a bi kan sa hannun da wani biro wai dan ya fito. In za a sa a firem a sa kwafi, na ainihin ya zauna a tsakanin farar takarda mai tsabta a wuri busasshe, nesa da bango mai danshi da hasken taga, dan shuɗin biro rana na cinye shi. Masu riga kuma ba wanki ba guga.

Sabon Jini Barnawa:
Ba wanki fa? Tab, ɗaya tawa an riga an wanke, rabin sunan ya tafi.

Ɗan Ranchers tun 80:
Ɗana ai ka gode Allah kana da rabi. Mu a zamaninmu ba mu ma san a ce a sa hannu ba, Amokachi yana Ranchers Bees yana yaro muna ganinsa kamar kowa, wa ya san zai je Club Brugge da Everton har ya ɗauki kofin FA a 1995. Ku duba tawagar Olamfik ta Atlanta 96 da ta ci zinare, Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, duk Kaduna. A wasan ƙarshe da Ajantina da aka tashi 3 da 2 Celestine ya ci, Amokachi ya ci. Kaduna United ta ɗauko kofin ƙalubale a 2010. Yanzu ka nuna min ɗaki ɗaya a garin nan da yaro zai shiga ya ga rigar ɗayansu ko takalminsa. Abin da ke ƙona min rai ke nan, in hoton nan ya tafi Legas gobe sai jikokinmu su biya kuɗin mota su je ganin abin Kakuri. Tikitin 99 ɗin ma ka riƙe, shekarar da aka kawo kofin duniya na matasa har filin Ahmadu Bello, Sifen ta su Xavi da Casillas ta ɗauka.

Abu Rigasa:
Baba na yarda da maganar ɗakin tarihi, in akwai shi ni ma zan kai yarana. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, talaka ba ya ajiye dubu 350 a ambulan alhali ana korar ƙanwarsa daga aji. In an sayar ba abin kunya ba ne. Sai dai na janye maganar a sallama da wuri, tunda Injiniya ya ce zai iya fin haka a nemi tayi na biyu.

Sabon Jini Barnawa:
Ni tambayata ta ƙarshe, ya ake tunkarar shahararrun nan a nemi sa hannu ba tare da an ga zaƙewarka ba? Sa hannun sauran rigunan nawa a bakin otal na samu bayan na yi awa uku a tsaye.

Maman Ilham:
Ka yi sallama, ka gaishe shi kamar yadda za ka gai da yayanka, ka zo da bironka a hannu. Abu ɗaya, ba ka kwaso riguna biyar ba. In ya ce ba yanzu ba ka ce na gode. Kuma dan Allah ban da masallaci da wajen ta'aziyya, na taɓa ganin yara sun kewaye wani mawaƙi da waya a gidan rasuwa, mutum na hawaye ana cewa ya kalli kyamara.

Abban Sadiq, Kakuri:
Salam 'yan uwa, na dawo. Jiya bayan isha'i na bi shawarar Anti na kai wa Hajiya ambulan ɗin. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta sa yatsa a kan wani mutum a gefen hoton, can ƙarshe, ba rigar ƙwallo a jikinsa yana riƙe da bokiti, rabin fuskarsa ma ba ta fito ba. Ta ce wannan ai babanku ne, shi ke kai musu ruwa in ya tashi daga aiki. Wlh sau nawa na kalli hoton nan ban gane shi ba, ba gemu, ba hula. Na kira Yaya ya zo ya gani, shi ma ya yi shiru. Na faɗa mata abin da Malam ya ce na ƙima, ta ce a rubuta shi a dubu 350 ɗin a cire daga tumunin takabarta, ita ta riƙe. Kuɗin makarantar auta kuma ni da Yaya mun raba biyu, zan sayar da tsohon babur ɗina. Mutumin Legas na tura masa saƙo na ba shi haƙuri, ya ƙara dubu 100, na ce albarka. Malam sauran 'yan uwa mata za mu zauna da su ran Juma'a a faɗa a gaban kowa.

Malam na Tudun Wada:
Madalla. A rubuta a takarda, shaidu biyu su sa hannu. Kaset ɗin ma a ambace su a zaman.

Kawu Mai Kaset:
In sun amince ka kawo min biyar ɗin nan ran Asabar bayan la'asar, zan turo maka kwatance ta inbos. Ka naɗe su a tsumma busasshe, kar ka sa a leda. Ka tambayi Hajiya ko ta tuna bikin wa aka yi a Zariya.